Zauren Malamin Gona: Noman cikin ɗaki da naman da ba a yanka ba

Masu karatu, assalamu alaikum. Wasiƙun wannan wata kusan duk hanya ɗaya suka biyo. Hotunan da ke yawo a WhatsApp na gonakin da ake yi cikin gini, da labarin naman da ake samarwa ba tare da an sa wa dabba wuƙa ba, sun tayar wa wasu hankali, wasu kuma sun sa musu dogon buri. Na zaɓo biyar daga ciki. Waɗanda suka yi tambaya a kan tsutsar masara su yi mini haƙuri, sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.

Tambaya: *Baba Malam, barka da aiki. Ni ɗan Tasawa ne, ina shekara ta biyu a sashen noma na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Na ga hoton wata gona a Dubai cikin wani ƙaton gini, shuka hawa bisa hawa, ba ƙasa ba ruwan sama, ana girbi rani da damina. Mu da kullum idonmu ke kan hadari, me zai hana a gina mana irinta a Maraɗi mu rabu da yunwa?*

Amsa: Ɗana, Allah ya ba da sa'ar karatu. Abin da ka gani gaskiya ne, ba haɗin hoto ba ne. Sunan gonar Bustanica, an buɗe ta a 2022 kusa da filin jirgin saman Al Maktoum. Masu ita sun ce tana fitar da ganye fiye da kilo miliyan ɗaya a shekara, kuma ruwan da take sha ya gaza na gonar fili da kashi 95 cikin 100. Wani ɓangare na ganyen yana tafiya cikin abincin fasinjojin jirgin Emirates, saura a kai manyan kantuna.

Yadda abin yake, saiwar shuka a cikin ruwa take, ruwan da aka narka masa taki daidai awo. Famfo ke zagaya da shi dare da rana, wanda bai shiga jikin shuka ba ya koma tanki a sake turo shi. Rana an rufe mata ƙofa, fitilun LED ne ke yin aikinta na awowi masu yawa kowace rana. Kwamfuta ke tsaron zafi da laima. Fari ba ya shiga, fara ba ta shiga, ma'aikaci ma sai ya rufe kai da ƙafa kafin a bar shi ya wuce. Wani farfesa na Jami'ar Kolombiya a Amurka, Dickson Despommier, shi da ɗalibansa ne suka yayata wannan tunani tun 1999. Aiki ne na ilimi, kuma ina jinjina wa waɗanda suka yi shi.

Sai dai ka koma ka sake duban hoton da kyau, ka ga me aka shuka. Salati ne, da alayyafo, da wasu ganyayen da ake ci ɗanye. Ba za ka ga gero ba, ba dawa, ba wake, ba gujiya. Tunda kai ɗalibin noma ne, ɗauki alƙalami mu yi lissafi tare. Ganyen salati kusan kashi 95 cikin 100 ruwa ne. Giram 100 nasa yana ba jiki kalori kamar 15, giram 100 na gero kuwa kalori kamar 360. Ke nan sai ka ci kilo 24 na salati kafin ka samu ƙarfin da ke cikin kilo ɗaya na gero. In muka ƙaddara duk abin da waccan gona ke fitarwa salati ne, kilo miliyan ɗayan nan na shekara guda bai wuce tan 42 na gero ba wajen ƙosarwa, wato buhu kamar 420. A nan garin akwai 'yan kasuwar hatsi da mutum ɗaya ke da fiye da haka a sitonsa. Mu kuma mutum sama da miliyan 25 ne a ƙasar nan, geron da muke nomawa a shekara tan miliyoyi ne, kuma a hakan ma ba kullum yake kai mu kaka ba.

Za ka ce to a shuka geron mana a ciki. Gero ɗan rana ne. Yana son hasken da ya fi na kowace fitilar ɗaki ƙarfi, na wajen wata uku, ya miƙe ya wuce tsayin mutum, sannan abin da za ka ci a jikinsa zangarniya ce kawai. Duk wutar da aka ƙona wajen raya kara da ganye, ba ita ke shiga tukunya ba. A 2020 wasu masu bincike sun yi wannan lissafi a kan alkama. Sun samu cewa a gini mai hawa goma za a iya girbe ninki ɗaruruwa na abin da eka ɗaya ta fili ke bayarwa, amma kuɗin lantarki ba zai bari alkamar ta yi gogayya da ta kasuwa ba.

Lantarki shi ne gaɓar maganar. Ƙiyasin da aka fi kawowa shi ne kilo ɗaya na salati a irin wannan gona yana cin kilowat-awa 10 na wuta ko fiye. Ka san halin da muke ciki. Kaso mai yawa na wutar ƙasar nan daga Najeriya yake zuwa, tamu ta Maraɗi ta layin Katsina, kuma kowa ya tuna yadda gari ya kasance bayan an katse ta a watan Agustan 2023. Gonar da rayuwarta ke hannun famfo da na'urar sanyaya ɗaki, in wuta ta ɗauke mata a tsakiyar watan Afrilu zafi ya haura 40, kafin la'asar ganyen ya kwanta. In ka ce a sa sola, faifan sola kashi ɗaya cikin biyar na hasken da ya sauka kansa yake mayarwa lantarki, fitila kuma ta sake zubar da wani kaso kafin ta mayar da shi haske. Sai ka shimfiɗa faifai a filin da ya ninka na shukar sau da yawa, don ka ba ganye abin da Allah ke sauko mana da shi kyauta tun hantsi. Kamar mutum ne yana zaune bakin gulbi ya aika a sayo masa ruwan leda.

Ko a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa, sana'ar ta sha wuya. AeroFarms na Amurka ya nemi kariyar kotu saboda bashi a 2023, Infarm na Jamus ya durƙushe a shekarar, Bowery ya rufe a ƙarshen 2024, Plenty ma ya je kotu a 2025. Duk kamfanoni ne da aka zuba wa miliyoyin daloli. Inda abin ke da ma'ana shi ne irin Dubai da Singafo. Singafo tana shigo da fiye da kashi 90 cikin 100 na abincinta daga waje, ƙasar noma babu, kuɗi kuwa akwai. Ciwonsu daban, namu daban. Ka koyi ilimin, musamman yadda ake auna taki a ruwa da yadda ake tattalin ruwa, zai yi maka amfani a garka. Amma kada ka bari wani ya ce maka tuwon gidanku daga nan zai fito.

Tambaya: *Malam, ni mahauci ne a babbar kasuwa, fawa gadona ce tun kakanni. Yarana sun nuna mini wai yanzu Turawa na yin nama a cikin tanki ba tare da dabba ba. Gaskiya ne? In gaskiya ne, halal ne? Kuma mu ina za mu sa kanmu?*

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a sana'a. Gaskiya ne, amma da dabba a farkon lamarin. Ana ɗibar 'yar tsoka ƙanƙanuwa daga jikin sa ko kaza, a ware ƙwayoyin halittar da ke iya hayayyafa, a zuba su cikin tankin ƙarfe mai ɗumi daidai da ɗumin jiki. A cikin tankin akwai ruwan da aka haɗa da sukari da gishiri da bitamin da sinadaran gina jiki. Ƙwayoyin su yi ta rabuwa, ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu, har makonni. Abin da ake kwashewa daga ƙarshe wani dunƙule ne mai laushi, ba ƙashi, ba jijiya, ba fata, kuma sau da yawa sai an gauraya shi da furotin na tsirrai kafin ya yi siffar abin ci.

Wanda ya fara nuna wa duniya shi ne Farfesa Mark Post na Jami'ar Maastricht a ƙasar Holan. A watan Agustan 2013 aka soya ƙosan naman farko a Landan gaban 'yan jarida. Guda ɗayan nan ya ci Yuro 250,000, wato sama da sefa miliyan 160, kuma Sergey Brin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Google, shi ya biya. Singafo ce ta fara ba da izinin sayar da irin wannan nama a Disamban 2020, Amurka ta bi a Yunin 2023 da kamfanoni biyu, Upside Foods da Good Meat. Wasu kuma suka ƙi. Italiya ta haramta shi a 2023, jihohin Fulorida da Alabama na Amurka suka yi haka a 2024. Farashi ya sauko ƙwarai daga na farko, amma har yau abin da ake samarwa ɗan kaɗan ne, a 'yan gidajen abinci da kantuna ƙalilan ake ganinsa. Babbar matsalarsu tsabta ce. Dabba mai rai tana da garkuwar jiki, naman tanki ba shi da ita, ƙwayar cuta ɗaya in ta faɗa ciki duk tankin ya tashi aiki. Shi ya sa ginin masana'antar ya fi kama da na masu yin allurar rigakafi, kuɗinsa ma haka.

Batun halacci kuwa, hukunci na malamai ne, amma ga wuraren da suka tsaya a kai. Akwai hadisin Abu Waƙid al-Laisi da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, cewa abin da aka yanke daga jikin dabba tana raye, mushe ne. Su kuma masu wannan sana'a abin da suka fi tinƙaho da shi shi ne daga dabba mai rai suke ɗiba, ba a kashe ta ba. Na biyu, a shekarun farko ruwan da ake rainon ƙwayoyin da shi ana haɗa shi ne da ruwan jinin ɗan tayin saniya, wanda ake zuƙa bayan an yanka uwar da ciki. Jini kuwa ka san matsayinsa. Kamfanoni da dama yanzu sun ce sun daina amfani da shi. A 2023 kamfanin Good Meat ya tambayi wasu malamai uku na Saudiyya, suka ce yana iya zama halal in dabbar da aka ɗebo ƙwayoyinta ta halal ce, an yanka ta yankan Musulunci, abin da aka ciyar da ƙwayoyin babu haram a ciki, kuma ba ya cutarwa. Kamfanin da bakinsa ya ce kazarsa ta lokacin ba ta cika waɗannan sharuɗɗa ba. A Fabrairun 2024 majalisar addinin Musulunci ta Singafo ita ma ta fitar da fatawa cewa yana halatta in dabbar da kayan haɗin duk na halal ne, kuma babu cutarwa. Don haka in wata rana ka ga kwali an rubuta halal, tambayar da za ka yi ita ce: daga wace dabba, kuma wa ya yanka ta?

Sana'arka kuwa, kwantar da hankalinka. Dubi abin da ke kan teburinka da safe. Mai sayen ƙashi don miyar kuka, mai neman tozo, mai kayan ciki, mai kai da ƙafa na langaɓu, mai kilishi da ke son tsokar cinya guda wadda zai feɗe siriri ya shanya a rana. Tanki ba ya ba da ko ɗaya cikin waɗannan. Abin da na fi so ku mahauta ku sa wa ido shi ne ruwa mai tsabta a mahauta, da rufe nama daga ƙuda, da ɗakin sanyi mai aiki da sola wanda za ku haɗa kuɗi ku mallaka tare, don naman da ya kwana ya daina zama asara.

Tambaya: *Baba, mu ƙungiyar mata ce a Tsibiri, muna kiwon jar akuya. Mun ji labarin naman nan a rediyo. Shin kuɗin awaki zai faɗi ne, mu sayar tun da wuri?*

Amsa: 'Ya'yana, kada ku sayar. Ina roƙonku kada ku bari wani dillali ya tsorata ku da wannan labari ya kwashe muku dabbobi da araha.

Jar akuyar Maraɗi ba don nama kaɗai ake riƙe ta ba, ku kun fi ni sani. Tana ba yaro nono, tana yawan haifar tagwaye, kashinta ya tafi gona, fatarta kuma tun zamanin ayarin Sahara ake kai ta arewa har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Saboda darajarta ne aka buɗe cibiyar kula da irinta a nan Maraɗi tun shekarun 1960. Ran da yaro ya kwana da zazzaɓi, ita ce kuɗin magani. Ran suna da ran layya kuwa, dabba mai rai shari'a ta ce a yanka. Sannan ku duba me take ci: harawar wake, dusa, kara, 'ya'yan gawo, abubuwan da mutum ba ya ci. Ƙwayoyin da ke cikin tanki sukari suke ci, sukarin kuma daga masara ko rake ake tatso shi, abincin mutane ke nan.

Abin da ke barazana ga awakinku yana kusa da ku. Tsadar abincin dabbobi a bazara, da annobar da ke kashe ƙananan dabbobi in an tsallake rigakafi, da ɓarayin da suka addabi ƙauyukan Madarunfa da Gidan Rumji. Ku tara harawa tun kaka a kan rumfa, kuma ranar da masu allura suka zo gari kada akuya ko ɗaya ta tafi kiwo ba a yi mata ba.

Tambaya: *Malam, ni malamar makarantar firamare ce a unguwar Zariya, na kusa ritaya. Na ga yunwar 2005 da idona. Yanzu ajina ya ninka na wancan lokaci, gonaki kuma sai ƙara tsukewa suke. In ka ce waɗannan fasahohi ba namu ba ne, to me jikokinmu za su ci?*

Amsa: Malama, wannan ita ce tambayar da ke hana ni barci, kuma na gode da kika yi ta haka kai tsaye. Ni ma ina bakin aiki a wajen Agye a waccan shekara. Daminar 2004 ta yanke da wuri, fara ta yi ɓarna a wasu wurare. Amma abin da ba na mantawa shi ne hatsi bai ɓace daga kasuwa ba. Yana nan jibge, kuɗinsa ne ya ninka, kuɗin dabba kuma ya faɗi. Magidancin da ya sayar da geronsa da kaka don biyan bashi, shi ne ya dawo a watan Yuli yana tsaye gaban mai awo, kuɗin tiya ɗaya ya gagare shi. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar a shekarar, mafi yawansu a jihar nan tamu, wadda ake kira rumbun ƙasa. Da a ce akwai gonar bene a tsakiyar Maraɗi a lokacin, da waɗancan iyaye mata ba su iya sayen ganye ɗaya daga cikinta ba.

Ban ce kimiyya ba tamu ba ce. Cewa nake a tambayi kowace fasaha: gero nawa za ki ƙara a rumbun talaka, kuma nawa zai biya? Akwai waɗanda suka amsa wannan tambaya a ƙasar nan tamu.

A farkon shekarun 1980 wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo yana aikin dashen itatuwa a jihar Maraɗi, dashen na ta mutuwa. A 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace bazara ba ciyawa ba ne, toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare, saiwarsu na nan da rai a ƙasa. Daga nan sassabin zamani ya samo asali. Ka zo kan kututture ka tarar da toho goma ko fiye, ka zaɓi biyu ko uku mafiya ƙarfi da miƙewa, ka datse saura da wuƙa mai kaifi, ka rage musu rassan ƙasa, ka hana akuya da mai gatari. Shi ke nan aikin. Saiwar da ta riga ta yi nisa ita ke tura su, shekara uku sun wuce kanka. Gawo kuma, kin san halinsa, da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa gero inuwa, ƙarƙashinsa ne zangarniya ta fi cika. Manoman Maraɗi da Damagaram suka karɓi abin daga maƙwabci zuwa maƙwabci, mutanen Ɗan Saga har kwamitin tsaron itatuwa suka kafa. Masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kamar miliyan 200, da ƙarin hatsi wajen tan 500,000 a shekara. Rinaudo ya karɓi lambar yabo ta Right Livelihood a 2018, amma hannuwan da suka yi aikin na iyayenmu ne da ƙannenmu.

Akwai ma aikin ɗakin gwaji na gaske da ake yi a nan, a cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna, wanda Farfesa Ibrahim Baoua da abokan aikinsa suka daɗe a kai. Suna rainon wani ɗan ƙaramin zanzaro a ɗaki, a sa shi cikin 'yan jakunkunan algarara tare da abincinsa, a rataye a ƙauyuka lokacin da gero ke fitar da kai. Ya fito ya bi tsutsar da ke cin zangarniya ya kashe ta, ba a fesa komai ba. Haka buhun nan mai hawa uku na ajiyar wake, wanda aka yi da haɗin gwiwar Jami'ar Purdue. Leda biyu a ciki, buhu a waje. A zuba wake busasshe, a matse iska, a murɗe bakin ledar farko a ɗaure, a ɗaure ta biyu daban, sannan buhun. Ƙwaro ya rasa iska ya mutu. Matar da a da take sayar da wakenta da kaka don tsoron ya zama gari, yanzu tana iya riƙe shi har bazara, kuma babu maganin da zai cutar da 'ya'yanta a ciki. Ga irin gero mai saurin nuna irin Chakti da aka fitar a 2018, mai yawan sinadarin ƙarfe da ke ƙara jini. Ga sa taki ɗan mitsitsi a gindin kowace shuka maimakon watsawa. Ga rumbun tsimi na gari, wanda in an samu amintattun masu riƙo yake karya tsadar watan Yuli da Agusta.

Ba zan ɓoye miki ba, waɗannan kaɗai ba za su ishe mu ba in yawanmu ya ci gaba da ƙaruwa da fiye da kashi 3 cikin 100 kowace shekara, gona kuma ana ta raba ta gado bayan gado. Dole noman rani ya faɗaɗa, dole wasu yaran ajinki su ci abinci da wata sana'a ba fartanya ba, dole 'yan matan su daɗe a makaranta. Abin da ke ƙona mini rai shi ne in ga an ɗauki kuɗin da zai haƙa rijiyoyin garka ɗari a kai shi ga gini ɗaya mai ƙyalli don a nuna wa baƙi.

Tambaya: *Baba, na dawo daga Aljeriya da ɗan abin da na tara. Mahaifina ya ba ni fili kusa da Jiratawa. Ina so in yi gidan leda na tumatir irin wanda na yi aiki a ciki a can. Me za ka ce?*

Amsa: Ɗana, sannu da dawowa, kuma na ji daɗi da kuɗinka gona za su shiga. Shawarata, kada ka kwafo ginin can yadda yake. Gidan leda an yi shi ne don ya tara zafi a ƙasar da ake sanyi. A nan in ka rufe tumatir da leda a watan Afrilu, da tsakar rana ba za ka iya minti goma a ciki ba, furen kuma zai bushe ya zube tun bai ɗaura ɗa ba, don tumatir ba ya jure zafin da ya wuce 35 lokacin fure. Abin da ya dace da mu gidan raga ne: jinka mai tsawo, mita huɗu ko kusa, gefe duk raga mai ƙananan ido da ke hana farin ƙuda da malam-buɗe-littafin nan da tsutsarsa ta cinye tumatirin Kano da Kaduna a 2016, sama kuma ragar inuwa da za ka iya janyewa. Ƙofa biyu, ka rufe ta farko kafin ka buɗe ta biyu. Ginshiƙai ka kafa su da siminti, don iskar farkon damina ba ta da wasa. Da hunturu ƙura za ta toshe idon ragar, sai kana wanke ta.

Ban ruwa ka yi na ɗigo, da famfon sola da tanki a sama, ka sa matata a bakin tiyo don yashi. Tunda ƙudan zuma ba zai shiga ba, kowace safiya kafin rana ta yi zafi ka bi layi kana girgiza igiyoyin da shukar ke hawa, haka furen zai ɗauka. Kada ka maimaita tumatir a ƙasa ɗaya shekara da shekaru, cutar da ke sa saiwa ƙulle-ƙulle za ta kama ka.

Ribar ba a lokacin ɗari take ba, lokacin da kowa a Jiratawa da Sumarana ke da tumatir har ana zubarwa. Ka auna shukarka ta nuna a ƙarshen bazara da cikin damina, sa'ad da kwando ke tsada. Ka fara da ƙaramin gida, kamar mita 10 a kan mita 20, ka ware kusurwa ɗaya ta rainon dashe. Masu garka da yawa za su sayi dashen tumatir da tattasai da shu mai lafiya a hannunka, kuma kuɗin wannan ya fi saurin dawowa. Sauran filin ka sa zogale, kasuwarsa ba ta mutuwa a Maraɗi.

Kafin ka sayi ƙarfe ko ɗaya, ka kai ruwan rijiyarka da ƙasar filin a auna maka gishirinsu, ka kuma zauna da dillalan kayan miya biyu ko uku ka ji watannin da suke rasa kaya da irin tumatirin da masu saye ke so. In sakamakon awon ya fito ka aiko mini ta adireshin mujalla, sai mu duba irin da za ka shuka da yawan takin da za ka riƙa sawa.